Ɗorawar Inna

Asabar, 14 ga Nuwamba, 1987

Na je gida yau. Tun daga Chinade har garinmu kauce wa a-kori-kura na yi ta yi, kowacce ta sha itace har tana tafiya a karkace, duk Azare suka nufa. Dajin da muka yi kiwon awaki muna yara, yanzu daga bakin hanya kana hango ƙarshensa. Tun farin da aka yi shekarun baya mutanenmu suka gane gatari ya fi fartanya saurin kawo abinci, kuma ba su manta ba.

Na tarar da Adda Meram tana wanke kalwa. Ita ce yayata, ita ta riƙe ni bayan rasuwar Inna, da daddawar nan ta kai ni har na zama malamin makaranta. A gidanmu haka ake rabo, gona ta maza, itatuwan da ke cikinta na mata. Ita ɗorawa biyar ta gada, babbarsu muna ce mata ɗorawar Inna. Tun rasuwar mijinta su ke ci da ita. Ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba, har ni.

Na yi ta faɗa a kan masu saran daji har ta gaji da ji. Ta ce, "To malamin makaranta, hana su mana." Da wasa ta faɗa. Ni kuma ban san wasa ba, matata Asma'u ta sha gaya mini.

Asabar, 21 ga Nuwamba, 1987

Na tara maza a ƙofar masallaci bayan la'asar. Na yi musu bayanin hamada, da yadda ruwan sama ke raguwa in babu itace, da yashin da ya fara cin gonakin arewacin gari. Sun yi ta gyaɗa kai. Wani har da minshari.

Jaji ne kawai ya tanka. Tare aka yi mana kaciya da shi, yanzu shi ne babban masu itace. Ya ce, "Bappayo, kai ƙarshen wata kake jira. Mu me za mu jira?" Aka yi dariya. Sai na ƙara ɗaga murya, abin da nake yi wa 'yan aji in sun ƙure ni.

Lahadi, 29 ga Nuwamba, 1987

Ashe matan sun ji komai ta bayan danga. Kande, maƙwabciyar Adda, ita ma mai daddawa, ta ce tunda maza ba sa jin magana da kunne za su ji da harshe. Daga gobe ba macen da za ta sa daddawa a miya, ba wadda za ta sayar, sai Bulama ya hana sara. Na so in ce wannan ba tsari ba ne. Sai na tuna nawa tsarin minshari kawai ya haifar, na ƙyale su.

Asabar, 5 ga Disamba, 1987

Miyar kuka ba daddawa. Na ci yau a gidan Adda, wallahi kamar ka dama ƙasa da ruwan zafi. An ce liman ya aika Chinade a sayo masa a ɓoye, matarsa ta gano ta zuba wa kaji. Maza sun fara gaishe ni da ƙyar.

Rabona da dariya irin ta yau na manta.

Asabar, 12 ga Disamba, 1987

Mun ci nasara. Bulama, mai garinmu, ya tara kowa a ƙofar gidansa. Ya ce ba shi da ƙarfin yaƙi da tukunyar miya, in faɗi abin da muke so. Na ce kada a sake sa wa ɗanyen itace gatari a ƙasar garin nan, na daji ne ko na gona.

Jaji ya tashi ya ce to da me za a yi girki, kuma su me za su ci. Nan na kawo abin da na yi ta juyawa a raina duk mako, ina jin daɗin kaina. Na ce wanda ya bushe da kansa a sara. Ai dama haka muka tashi muka tarar, busasshen itace ba shi da mai shi, kowa ya samu nasa ne, ko a gonar wa yake. Jaji ya ce ya yarda. Liman ya ja Fatiha aka shafa. Daga cikin gida Adda ta rangaɗa guɗa, na san muryarta.

Da zan tafi ta cusa mini daddawa a aljihun riga. Har Azare nake wari, ban damu ba.

Asabar, 16 ga Janairu, 1988

Hanya shiru. Ba ƙarar gatari. Alhamdu lillahi.

Lahadi, 20 ga Maris, 1988

Wani dattijo daga wani ƙauye wajen Yana ya zo har gidana a Azare, wai ya ji labarinmu a kasuwa, yana so su yi irinta. Na zaunar da shi na karanta masa dokar baki da baki, har na sa ya maimaita. Asma'u ta ce tun tafiyarsa nake tafiya kamar wanda aka naɗa wa rawani.

Asabar, 21 ga Mayu, 1988

Ɗorawa ta yi 'ya'ya bana. Adda da gorarta mai ƙugiya tun safe, tsakar gida duk ya yi rawaya da gari. Ta cika buhunan kalwa, ta ware ɓawon da za a yi makuba a shafe katanga kafin ruwa ya sauka. Ta ba ni garin ɗorawa in kai wa yara.

Lahadi, 9 ga Oktoba, 1988

Na tsaya wajen Lasisi, mai gidan burodin bayan tasha. Bayarabe ne, amma ya fi ni daɗewa a Azare, Fulatancinsa ma ya fi nawa. Shi ne babban mai sayen itacen Jaji. Na zaci zai yi fushi da ni. Sai ya ce a'a, shi dama busasshe yake so, ɗanye hayaƙi yake sa wa burodi, kuma Jaji ya ce masa ya yi haƙuri zuwa rani, itace zai samu.

Ina zai samu? Ban tambaya ba, hankalina na kan shayi.

Jiya Kande ta nuna mini ɗorawarta, ganyen ya yi ja tun damina ba ta gama tafiya ba. Na ce mata tsutsa ce.

Asabar, 11 ga Fabrairu, 1989

Lokacin fure ya yi. Uku daga cikin na Adda sun sauko da jajayen furanninsu, biyu ko ɗaya babu, rassan sai ƙaiƙayi suke zubarwa. Ta Kande ta mutu sarai. Tsamiyar bakin rijiya ma haka. Na ce wa Adda ruwan ƙasa ne ya yi nisa.

Asabar, 18 ga Fabrairu, 1989



Na je duba saiwar ɗaya daga cikin biyun nan, in ga ko gara ce. Na lura an tara yashi a gindinta kamar kunyar dankali. Na sa ƙafa na ture. An ɗaye ɓawon, faɗin tafin hannu, an zagaye gindin kaf, sannan aka mayar da ƙasa aka rufe. Tsohon yanka ne, ya yi baƙi. Da farko na ce ko masu magani ne, amma mai neman sassaƙe gefe ɗaya yake ɗiba, kuma ba ya binne wurin.

Na je ta biyun, haka. Ta Kande, haka. Tsamiyar rijiya, haka. Na zauna a ƙasa kamar wanda aka mara.

Ba su karya doka ba. Ba wanda ya ɗaga gatari. Wuƙa ba ta da ƙara, mutum zai tsuguna kamar mai kama ruwa ya gama ya tashi. Itace ya mutu a tsaye a hankali, in ya bushe ya zama na kowa. Da can daji suke sara, ba mai iya shiga gonar mutane ya kayar da ɗorawar mace ido na gani. Yanzu manyan na gona suka fi so, sun fi nauyi, sun fi kusa da hanya. Ni na buɗe musu wannan ƙofa da bakina, aka shafa Fatiha a kai.

Lahadi, 19 ga Fabrairu, 1989

Na kai wa Bulama ƙara, ya tambaye ni wa na gani da wuƙa. Ban ga kowa ba. Ya ce to itacen ya bushe ko bai bushe ba. Na ce kashe shi aka yi. Ya ce a ranar ba ka ce wanda Allah ya kashe ban da wanda mutum ya kashe ba, kuma shi ba ya warware abin da aka shafa wa Fatiha saboda zato.

Jaji na zaune a wurin yana sakace. Bai ko ɗago kai ba. Na kira shi da sunan da ba zan rubuta a nan ba, aka rirriƙe ni.

Asabar, 4 ga Maris, 1989

Mun bi gonaki da mata muna tone gindin itatuwa. Waɗanda aka yanka kwanan nan mun kwaɓa laka da kashin shanu mun shafe, mun ɗaure da tsumma. Ban san ko yana magani ba. Na ce musu yana yi, don su samu abin yi da hannunsu.

Ta uku a cikin na Adda ma an zagaye ta. Ɗanyen yanka, har yana tsatstsafo da ruwa.

Lahadi, 12 ga Maris, 1989

Na roƙi Lasisi ya daina sayen itacen garinmu. Ya saurare ni har ƙarshe, ya fi Bulama kunya. Ya ce itace a faskare yake zuwa masa, ba ya zuwa da sunan gona. Ya ce in ya ƙi na Jaji, na wani garin zai saya, ɗorawar yayar wani.

"Malam, in na kashe tandar nan gobe, kai ne na farko da zai aiko a tambaya ina burodi. Yarana goma sha suke ci a nan. Kawo mini abin da zan gasa da shi, yau zan daina."

Ya ba ni burodi biyu in kai gida. Na karɓa. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Asabar, 1 ga Afrilu, 1989

Sun sare ta Kande da rana tsaka, tana tsaye tana kallo. Ba wanda ya hana, doka ta ba su. Da ta gan ni ta ce, "Malam, da ka bar mu da miyarmu." Ta shige gida.

Asabar, 22 ga Afrilu, 1989

Azumi, ga zafi kamar a bakin murhu. Adda ta ɗauki tabarma ta koma gona, daga fitowar rana har faɗuwarta tana gindin ɗorawar Inna, tana hango ɗayar. Na ce ta dawo gida, zan nemi mai gadi. Ta ce mai gadin ɗan wane gari ne, ba shi da wa a cikin masu itace?

Leɓenta duk ya tsage. Ba ta taɓa ce mini laifina ne ba. Da ta faɗa da na ji sauƙi.

Waɗanda muka shafa wa laka duk suna zubar da ganye.

Asabar, 17 ga Yuni, 1989

Na bi liman, na bi dattawa gida gida, na sauke girman kai har na ba Jaji haƙuri a gaban mutane. Yau Bulama ya yarda a yi ƙari, ba warwarewa ba. Daga yau itacen gona ko ya bushe na mai shi ne, ba mai taɓa shi sai da yardarsa. Ka ga ɓarawo ba shi da ribar yanka ke nan.

An shafa Fatiha. Ba a yi guɗa ba. Ni dai na ce wannan karon na toshe ko'ina.

Asabar, 25 ga Nuwamba, 1989

Ban rubuta komai ba tun damina, ban ga abin rubutawa ba.

Ga yadda ƙarin nawa ya kasance. Yanzu yaran Jaji sallama suke yi a ƙofar gida, da ladabi, su ce in ɗorawar Goggo ta bushe a tuna da su. Shi ke nan. Wanda zai yi aure, wanda matarsa za ta haihu, wanda rumbunsa ya yi ƙasa, sai ya bi ta gona da wuƙa. Ɗa yana zagaye itacen uwarsa, miji na matarsa. Wasu matan ma da kansu. Da ɓarawo muke nema, yanzu wa za a kai ƙara?

Ƙungiyar tamu ta masu kare itace, da a da take cika zauren Bulama, yau ni da tsofaffi mata uku ne, ɗaya ba ta ji.

Ta huɗun Adda ta tafi. Ashe tun bara aka zagaye ta, can ƙasa sosai, ba mu tona da zurfi ba. Saura ɗorawar Inna.

Talata, 6 ga Fabrairu, 1990

Dattijon nan na wajen Yana ya aiko a tambaye ni, wai manyan itatuwansu suna ta bushewa, ko na san cutar. Na ce wa ɗan aiken su tona gindin. Na shiga ɗaki ban jira ya tambaye ni dalili ba.

Asabar, 12 ga Mayu, 1990

Ita kaɗai ta rage a duk gefen gabas, daga Chinade ma kana iya nuna ta. To komai kanta ya dawo. Tsuntsaye, jemagu, masu wucewa da jifa, makiyaya da ke yanke mata reshe don ba wani ganye a kusa. Tun 'ya'yan suna ɗanye aka kakkaɓe rabi. Abin da Adda ta tara bai kai ta kunna wuta a ƙarƙashin babbar tukunya ba, a ƙarama ta dafa.

Kuma yanzu mata magi suke jefawa a miya. Har a gidana na gani, Asma'u ta ɓoye a bayan kwalla.

Asabar, 8 ga Satumba, 1990

Ruwa ya ɗauke gero na fitar da kai. Iska ta kwashe yashi ta binne wake. Na tsaya a gonar gado ina tuna bayanin da na yi a ƙofar masallaci. Duk abin da na faɗa ya faru. Ban ji daɗin komai ba.

Asabar, 27 ga Oktoba, 1990

Na kai wa Adda gero a bayan babur. Kafin in bar gari ta sa an mayar mini da shi gidan liman inda na tsaya gaisuwa, wai yarana sun fi ta bukata. Na koma na yi mata faɗa. Ta ce ita ta goya ni, ba ni zan ciyar da ita tana da ƙafa ba. Na leƙa tukunya, tafasa ce da ɗan ƙuli.

Babbar tukunyar daddawa ba ta wurinta. Ban tambaya ba.

Ta rame. Tari take tun zaman gonar nan na bara. Na ce ta dawo Azare wajenmu, ta ce wa zai duba ɗorawa.

Asabar, 17 ga Nuwamba, 1990

Kande ta ce Jaji da kansa ya zo gaishe da Adda, har da goro. Adda ba ta gaya mini ba. Na zauna da ita har la'asar muna hirar mutanen da suka mutu. Can ta ce, "Bappayo, in mutum ya yanka abin da uwarsa ta bar masa don yunwa, Allah zai kama shi?" Na ce ban sani ba, ni lissafi nake koyarwa. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Na tsorata. Ban taɓa jin tsoro irin na yau ba, kuma ba don itacen ba.

Asabar, 1 ga Disamba, 1990

Na iso da hantsi, Adda na kwance, ta juya fuska bango. Ta ce zazzaɓi ne. Wuƙar yankan kubewa na kan turmi, bakinta ya lanƙwashe. Tafin hannunta na dama a ɗaure da tsumma.

Na ce bari in zaga gona.

An tara yashi a gindin, ba a ma iya tarawa da kyau ba. Na ture. Rabin gindin kawai Adda ta iya zagayewa. Yankan duk a karkace, nan zurfi nan sama sama, ɓawon ɗorawar Inna ya fi ƙarfin hannunta. In an bar ta haka za ta rayu, na sani, na ga waɗanda suka warke da fiye da wannan. Laka da kashin shanu ma suna nan kusa.

Sai dai na san Adda. In ta samu ƙarfi jibi za ta dawo ta tsuguna a nan ita kaɗai ta ƙarasa, ta kuma ɗauki abin a ranta har kabari.

Na zaro 'yar wuƙata daga aljihu na tsuguna, na daɗe a wurin. Ba kowa a gonakin, an gama girbin abin da babu.

Da na dawo na ce mata na ga wurin, kada ta sake zuwa, masu magani ne suka yi ɓarna, kuma ga alama itacen ba zai kai baɗi ba. Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Masu magani." Na ce e. Ta ce to Allah ya yafe musu. Na ce amin.

Ta karɓi geron yau, ta ce rance ne zuwa rani.

Ruwan ɗorawa ba ya fita da sabulu, na wanke har fata ta yi zafi. Asma'u ta tambayi abin da ya sami 'yar wuƙata ta fiƙe fensir, na ce ta faɗi a hanya. Jibi akwai jarrabawar 'yan aji shida, ban gama shirya tambayoyi ba.